Gaisuwar Masu Ƙasa

Ɗaki goma sha huɗu, ƙofa goma sha takwas da firam ɗinsu, rufin da ya lashe katako mota biyu, sai damina bakwai. Abin da na ɗora wa kaina ke nan a shekarar da na buɗe rumfata a 'yan katako na Sabon Gari. Sharaɗin shi ne, in gara ta taɓa ko sanda ɗaya cikin kayan nan kafin damina ta bakwai ta ɗauke, ni zan sake, da katakona da kafintana. A lokacin kuwa, in ka kwashe duk abin da ke rumfar har da bencin da nake zama, ba zai cika mota biyu ba.

Saboda ku samarin da kuke zuwa neman koyon sana'a nake ba da wannan labari. Kuna ganina a kan benci ina amsa waya, sai ku ce sayar da katako ai zama ne, itace ba ya ruɓewa kamar tumatir. To, tumatir in ya lalace ido zai gani, hanci zai ji. Katako kuwa yana iya ƙarewa sarai yana tsaye da fentinsa, ba wanda ya sani, sai ranar da wani ya jingina.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ne. Maigidana Baba Bene, wato Benedict, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. Hausarsa ta fi tawa gishiri, sai in ransa ya ɓaci ya koma broka. A rumfarsa katako ba ya taɓa ƙasa. Ana ɗora shi a kan bulo, a sa 'yan sanduna tsakanin jeri da jeri don iska ta ratsa, ni kuma kowace safiya in durƙusa in share ƙarƙashin. Ba don tsabta ba, sai don in ga ko an yi sabon gini da dare. In na ga ɗan zanen jar ƙasa ya hau jikin bulo, siriri kamar igiyar takalmi, sai in kira shi. Yana da wani guntun rodi da ba ya rabuwa da shi. Zai bi katakon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a karkace. Lafiyayye yana amsawa da ƙarfi. Wanda aka cinye cikinsa yana amsawa kamar tsohuwar ƙwarya.

Ban taɓa jin Baba Bene ya zagi gara ba. Masu ƙasa yake ce musu. Wata rana ya kama ni ina tattaka su ina tsaki, sai ya ce, "Danladi, ka taɓa ganin lebura irin wannan? Ba albashi, ba yajin aiki, ba hutun Kirsimeti balle na Sallah. Makauniya ce, rana na kashe ta, amma ta gina wa kanta rufaffiyar hanya daga ƙasa har rufin bene. Da ina da irinta uku a rumfar nan da tuni na sallame ka. Ka girmama ta, sannan ka hana ta abinci."

A bayan rumfar akwai kwamin da aka yi da durom uku, an tsaga su an haɗa da walda a Chikaji. Nan na koyi bambancin shafa da jiƙa. Yawancin abin da ake kira katako mai magani shafa ce kawai: a samo baƙin mai wurin makaniki, a bi da burushi, katako ya yi baƙi, mai gida ya ji daɗi. Wannan kwalliya ce, yakan kori gara na ɗan lokaci, sannan ta dawo. A wurin Baba Bene sai katako ya bushe tukuna, domin ɗanye ba ya shan magani, cikinsa cike yake da nasa ruwan. Sannan a nutsa shi a kwamin magani ya kwana, a ɗaga ya tsane. Kuma ko an yi haka aiki bai ƙare ba. Magani fata yake shiga, ba ya kai zuciya. Da kafinta ya sa zarto, bakin yankan nan ya fito fari sol, ka buɗe mata ƙofa.

Masu saye ba sa son jin wannan, domin jiƙaƙƙe ya fi tsada. Baba Bene yana da magana ɗaya da yake tarbar su da ita: "Gara ka biya yau, da gara ta ci gobe." Na tuna wani ango da ya zo sayen katakon rufin ɗakinsa, ya ce, "Baba, ni garar da na sani ta amarya ce, buhun shinkafa da jarkar mai." Baba Bene ya ce, "Waccan kai za ka ci, yarona. Wannan ita za ta ci ka." Angon ya yi dariya, ya sayi mai arha a rumfar gaba. Ba mu sake ganinsa ba sai da matarsa ta yi yaye na biyu, ya zo yana tambayar farashin sabon rufi.

Aikin da nake son ba ku labari ya zo ne a cikin jakar hannu. Malama Rifkatu tsohuwar shugabar firamare ce a Samaru, ta yi ritaya, ta karɓi haƙƙinta, tana so ta gina ɗakunan haya na ɗalibai a Hayin Dogo. Gidanta na farko gara ta sauke mata rufinsa cikin wani ruwan Agusta, Allah ya sa ba kowa a ɗakin. Ta shigo 'yan katako tana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. A kowace rumfa sai ta zaro guntun katakon rufin da gara ta ci daga jaka, ta matsa shi da yatsa biyu ya rugurguje, ta ce wa zai sayar mata da katako ya tsaya mata damina bakwai. Duk suka yi dariya. Wani ya ce, "Mama, ai gara ta Allah ce, ba mu muka aiko ta ba." Da ta zo kaina, rumfata ba ta yi wata uku ba.

Na ce, "Mama, zan tsaya. Amma ba daga rufi zan fara ba. Daga harsashi. Ba a haƙa, ba a ciko, ba a zuba kankare sai da sanina."

Ta dube ni sama da ƙasa ta saman tabarau, ta ce, "Kai mai katako ne ko magini?"

"Mai katako ne. Amma abin da zai ci katakona ta ƙasa zai zo."

"In ya ci fa? Wannan 'yar rumfar ce za ta biya ni?"

"Ita da sunana."

Ta ce, "Sunan naka bai kai na sa a miya ba tukuna, ɗana. Amma na karɓa."

Da na gaya wa Baba Bene, sai ya ce, "Katako na koya maka sayarwa, ba kanka ba." Ya juya rodinsa a hannu, sannan ya ce in zo da babur da safe, mu je mu gai da masu ƙasa.

Filin tsohuwar gona ce, karan dawa kwance ko'ina, ga wani kututturen mangwaro a tsakiya. Ba suri ko ɗaya a fili. Abin da Baba Bene yake kira gaisuwa shi ne, a feƙe turaku na farin katako mai laushi, irin obeche, wanda gara ke so kamar yaro da alewa, a kafa su a kusurwoyi da tsakiya da gefen kututture, a zuba musu ruwa, a tafi. Ba magani, ba fenti. Bayan mako uku a dawo a tuge. Wanda aka ci, nan hanyarsu take. Wanda aka cinye, gidansu na kusa. Ya ce baƙo ba ya sauka a gari bai kai gaisuwa ba, kuma daga yadda aka karɓi gaisuwarka kake sanin inda mai gari yake.

Sale magini, wanda Malama ta ba aikin ginin, bai ji daɗi ba. Mutum ne mai hannu, bulonsa ba ya karkata, amma yana da wani aikin yana jiransa a Basawa. Ya ce, "Shekara ashirin ina gini ban taɓa ganin an shuka katako ana jira ya tsira ba." Ita ma Malama idonta na kan buɗe makaranta, tana so ɗalibai su tarar da ɗakuna. Muka bar filin a hannun mai gadi, wani dattijo manomi, Malam Tanko, wanda ya tashi a unguwar.

Ranar tugewa duk muka hallara. Na tuge na farko, lafiya lau. Na biyu haka. Har na gefen kututture, ko cizo ɗaya babu. Sale ya tafa hannu ya ce, "To, masu ƙasa sun yi tafiya. Gobe a kawo diga." Ni ma na ji sanyi, domin ƙasa mai lafiya ba ta cin magani da yawa. Baba Bene kaɗai ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Gona a Samaru, ga kara a kwance, a ce an ƙi karɓar gaisuwa? Miƙo nan."

Ya karɓi turken ya juya shi. Samansa fari, gindinsa ya yi duhu, ni na ɗauka damshin ƙasa ne. Ya goge da babban yatsa, ya kai hanci, sai ya kalli mai gadi. Malam Tanko ya gyara tsayuwa yana murmushi, kamar wanda ke jiran tukuici.

Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Da na ga kun kafa farin itace tsirara, na ce Allah sarki, mutanen kasuwa ba su san ƙasar nan ba. Ai ba zai yi mako ba. Washegari na tuttuge su, na kai wurin yaron nan mai gyaran babur, na tsoma gindin a baƙin mai, na mayar da kowanne raminsa. Haka muke yi wa turakun rumfa. Ga shi kun same su ras."

Sale ya yi dariya har da riƙe ciki. Malama ta ce, "Oh ni Rifkatu! Mako uku!" Ni kam kalmar da ta zo bakina ba ta dattijo ba ce, na haɗiye ta. Na jira in ji Baba Bene ya koma broka. Bai koma ba. Ya kama hannun Malam Tanko da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka, Malam. Ka ce ba zai yi mako ba? Ta wace kusurwa suke fitowa?"

Nan ne na san ban gama koyo ba. Ni ina lissafin makon da muka rasa, shi ya ji abin da ya fi turakun amfani. Malam Tanko ya ja mu gabas da kututture, ya buga ƙafa a wani wuri mai ɗan tudu, ƙasarsa ja mai tauri. Ya ce a nan wani ƙaton suri yake tun yana yaro, mai gonar ya baje shi da zai sayar da filin don kada masu saye su tsorata. Sale ya daina dariya. Wannan tudun shi ya riga ya yi wa ido, da shi zai yi ciko, domin duk maginin da ya tashi a ginin ƙasa ya san babu ƙasa mai ƙarfi irin ta suri. Da ita ake dabe, da ita ake rumbu. Gaskiyarsa ce. Sai dai da ya yi haka, da mun kwashi masu ƙasa a baro mun raba wa kowane ɗaki nasa.

Muka sake kafa sababbin turaku, aka roƙi Malam Tanko da ya taimaka kada ya taimaka. Kafin mako biyu na gabas sun zama kamar soso. Aka sa diga. Sai da ramin ya kai ƙirjin mutum aka tarar da gidan, ɗaki-ɗaki, hanya-hanya, sanyi ƙalau a ciki duk da zafin rana. Baba Bene ya sa aka tsaya, ya sauka da kansa da tsufansa, ya daɗe yana kallo. Ya ce wa Sale, "Magini, zo ka ga aikin manya." Aka fasa wani dunƙule aka fito da uwar, fara, tsawon yatsa da kauri, ba ta ko iya motsi. Malam Tanko ya nannaɗe ta a ganye ya kai wa kajinsa. Wurin nan kuwa daidai ƙarƙashin ɗaki na tara da na goma ne.

Daga nan aiki ya zama na naci, ba na dabara ba. Aka tone kututturen har saiwoyinsa. Aka kawo ƙasar ciko a tifa daga wani wuri. Magani a ramin harsashi sai ranar da ba hadari, a zuba da yamma ya shiga ƙasa, da safe kankare ya hau kansa kafin rana ta sha shi. Haka aka yi wa ciko kafin dabe. Ni kuma na koma sana'ata ta farko. Lebura in ya gama aiki, duk guntun falanki da takardar siminti da turken awo cikin ciko yake turawa, ya rufe da ƙasa, ido bai gani ba. Wannan ajiyar abinci ce a ƙarƙashin gado. Kullum da yamma ina filin ina tsince su, har leburori suka sa mini suna Mai Tsintsiya. In sun hango babur ɗina sai su ce, "A ɓoye katako, ga dubagari nan!" Kafintan da ya yi rufi na ɗaura masa gwangwanin magani a ƙugu da ɗan burushi, kowane yanka sai ya shafe bakinsa kafin ƙusa ta shiga. Firam ɗin ƙofofi aka ɗora su a kan kankare, ba a binne ƙafarsu ba. Aka zagaye gidan da dakali, aka bar gindin bango a fili ba shuka ba tari, don in ta hau a gan ta. Sale, da ya ga gidan nan na ƙarƙashin ƙasa, shi ya fi ni tsanani daga baya.

Ba mu cimma buɗe makaranta ba. Malama ta rasa hayar rabin shekara, kuma ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Mai katako, gaisuwarka ta yi mini tsada." Ni ma ribar da na sa rai da ita ta tafi a magani da man babur.

Damina ta biyar ita ce muguwar shekara. Kaya suka yi tashin gwauron zabo, motar katako daga kudu ta koma sai wane da wane, rumfuna biyu a layinmu suka rufe. Maganin gara na jabu ya cika kasuwa, ruwa ne da wari. Na zauna na duba, na ga in rufin Malama ya faɗo a wannan shekara, rumfar ba za ta isa ba sai na haɗa da filin da na saya. Baba Bene lokacin ƙafafu sun daina kai shi kasuwa, ya ba ni rodinsa. Duk ruwan farko, in shinge ya tashi, wato garar nan mai fiffike da yara ke kamawa a gindin fitila, washegari ina Hayin Dogo ina zagaya dakali ina ƙwanƙwasa firam. Ɗalibai suna leƙowa suna cewa ga mai karatun mita ya zo.

Saura kamar wata guda damina ta bakwai ta ɗauke, waya ta yi ƙara. Malama ce. Ta ce, "Mai katako, baƙinka sun iso."

Ƙofar banɗaki ce ta can baya. A shekarar da ta wuce Malama ta sa an ja sabon famfo an sa tayil. Mai famfo ya fasa dakali ya cike da ƙasa bai mayar da siminti ba, wani kafinta kuma ya datse ƙafar firam don tayil ya shiga, ya bar bakin yanka fari a kan damshi. Daga fashewar dakali zuwa ƙafar firam ba ta kai taku biyu ba, ga 'yar hanyar jar ƙasa ta bi lungu. Na hau silin da tocila da rodi, na bi rufin sanda-sanda tun daga ɗaki na ɗaya har na goma sha huɗu. Kowanne ya amsa da ƙarfi.

Da na sauko na nuna mata yankan. Ta ce, "Na gani. Na san ba kai ka yanke ba. Amma alkawarinmu bai ce sai wanda ka yanke ba." Na ce haka ne, Mama. Da na yi gardama da na ci, amma ɗan kasuwan da ya ci gardama a kan ƙofa ɗaya bai iya lissafi ba. Washegari na kawo sabon firam da ƙofa, jiƙaƙƙu, na sa aka toshe dakali.

Da yamma na kai wa Baba Bene guntun da aka ci. Yana zaune a ƙofar gida. Ya matsa shi da yatsa, ya leƙa cikinsa, fuskarsa ta washe kamar an ce ɗansa ya ci jarrabawa. Ya ce, "Ka gani? Shekara bakwai tana zagaya gidan nan a cikin duhu, ba ta gaji ba, ba ta yi fushi ba. Rana ɗaya aka bar mata taku biyu, ta samu. Kai, Danladi, wannan ma'aikaciya ce!"

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa ribar aikin gaba ɗaya, na rasa firam da ƙofa, man babur kuwa ban ƙirga ba. Malama Rifkatu kuma ba ta iya riƙe labari ba. Ta faɗa a zumuntar mata, ta faɗa a layin karɓar fansho, ta faɗa wa duk wanda ya sayi fili kusa da ita, kuma kullum da ƙofar take farawa: ya biya, bai yi musu ba. Yau in ka tsaya a bakin gidanta ka duba hagu da dama, yawancin rufin da ka gani daga kwamina ya fito. Gara ta ci ƙofa ɗaya a shekara bakwai. Ni har yau ina cin cinikin layin gidanta.